ASALIN KALMA: "Biro", daga yadin ulu zuwa ofishin kumandan



Kalmar da za mu ɗauka yau gajeriya ce, gaɓa biyu kacal, amma ta sha haɗa mutanen Nijeriya da na Nijar kallon-kallo. A ce wani dattijo ne daga Maraɗi ya sauka a Katsina da takarda a hannu. Ya tari wani saurayi ya ce, "Samari, don Allah ina biro yake a nan? Takarda nake so a sa mini hannu." Saurayi ya laluba aljihun gaba ya zaro abin rubutu ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Ga nawa, Baba, ara." Dattijo ya dube shi, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "Yaro, ai wannan bik ne. Ni biro na tambaye ka."

Dukansu Hausa suke yi, kuma babu wanda ya yi kuskure. A Nijar "biro" ofis ne. A Nijeriya "biro" alƙalamin zamani ne. Mutane da yawa suna ɗauka kalma ɗaya ce wani ɓangare ya karkatar da ma'anarta, har ka ji ana cewa ai da biro ake aiki a ofis, shi ya sa 'yan Nijar suke kiran ofis ɗin da sunan abin rubutun. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Kalmomi biyu ne daban, ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Ɗaya daga Faransanci ta zo, ɗayar kuma sunan wani mutum ne ɗan ƙasar Hangari. A bakin Bahaushe suka haɗu suka yi kama.

Bari mu fara da ta Faransancin, don ita ce tsohuwa, kuma ita ce mai doguwar tafiya.

Faransawa suna rubuta ta "bureau". In ka tambayi Bafaranshen yau ma'anarta, zai ce maka teburin rubutu ne, ko ɗakin da ake aikin takardu. To amma a ƙarni na 12 babu tebur a cikin maganar ko kaɗan. A lokacin ana cewa "burel", kuma sunan wani yadi ne na ulu, mai kauri, mai kaushi, launinsa ƙasa-ƙasa. Tufar talaka ce da ta masu zaman zuhudu na Kirista, waɗanda suka guje wa ƙawar duniya. In za mu kwatanta da namu, ya fi kusa da gwado ko bargon saƙi, ba shadda ba. Masana asalin kalmomi suna danganta shi da kalmar Latin "burra", wato ulu mai kaushi. Har gobe Faransawa suna kiran rigar 'yan zuhudu "robe de bure".

Yadda "burel" ta koma "bureau" kuwa ba abin mamaki ba ne, ƙa'ida ce da ta bi kalmomin Faransanci masu yawa. Ƙarshen "-el" ya riƙa narkewa yana komawa "-eau", wanda a yau ake furta shi "o". Haka "chapel" ta zama "chapeau", hula ke nan. Haka "batel" ta zama "bateau", jirgin ruwa, "mantel" kuma ta zama "manteau". Wannan ne dalilin da za ka ga haruffa uku a rubuce amma sauti ɗaya kake ji. Mu da muke rubuta abin da muke furtawa sai mu gode wa waɗanda suka tsara mana ƙa'idar rubutu.

To me ya haɗa yadi da tebur? Lissafin kuɗi. A Turan wancan zamani da lambobin Rumawa ake rubuta adadi, kuma duk wanda ya taɓa gwada tara XLVII da XXIX ya san aikin ba ya yiwuwa a takarda cikin sauƙi. Saboda haka ma'ajin sarki ko na attajiri sai ya shimfiɗa yadi a kan tebur, a ja masa layuka, kowane layi da darajarsa, sannan a riƙa ɗora wasu 'yan ƙwandaloli na ƙirga ana matsar da su daga layi zuwa layi, kamar masu dara. Yadin yana hana kuɗi gangarewa, yana rage ƙara. Mai arha kuma mai ƙwari ake nema, shi ya sa "burel" ya dace. Zuwa ƙarni na 14 kalmar ta fara nufin shimfiɗar da ake lissafi a kanta, ba a jima ba ta sauka kan teburin da kansa. Kafin ƙarshen ƙarni na 15 ta bar teburin ta mamaye ɗakin da teburin yake ciki. Daga baya kuma ta kama mutanen da ke zaune a ɗakin, har ya zama in an ce "bureau" ya yanke shawara, shugabannin wata ƙungiya ko majalisa ake nufi.

Ku lura da matakan: yadi, tebur, ɗaki, mutane. Kowace sabuwar ma'ana maƙwabciyar tsohuwar ce. Wanda ya yi karatun balaga a zaure zai tuna babin majazi, inda ake ambaton wuri ana nufin wanda ke wurin, ko a ambaci mazubi ana nufin abin da ke ciki.

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Mu ma gwanayen abin ne. "Jaka" mazubi ce, amma da aka saba zuba fam 100 a jaka guda sai ta zama sunan adadin, kuma da naira ta zo a 1973 jaka ta koma naira 200. A Nijar "jikka" sefa 1,000 ce. Kafin su akwai "keso", wanda asalinsa tsohuwar tabarma ce, amma a zamanin kuɗin wuri yake nufin wuri 20,000. A ɓangaren kayan zama kuwa abin ya fi fitowa fili. In aka ce wane yana neman kujera, ba wanda zai kai shi wurin kafinta. In aka ce Hajiya ta biya kujera, kowa ya san Makka za ta. Sarki yana hawa gadon sarauta ko karagar mulki, ɗan malam yana gadon buzun mahaifinsa, alhali wataƙila buzun kansa ya daɗe da ƙarewa. "Mai tebur" a bakin titi ba masassaƙi ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da Faransawa suka yi wa yadinsu ke nan, sai dai su sun yi tafiyar har zango huɗu.

Ingilishi ma yana da irin wannan labari, kuma daga teburin lissafin ya fito. Baitulmalin sarakunan Ingila tun ƙarni na 12 ana kiransa "Exchequer", saboda yadin da suke shimfiɗawa an zana masa gida-gida kamar allon wasan ces. Ministan kuɗin Birtaniya har yau da wannan suna ake yi masa laƙabi. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu da ta yi rashin sa'a. "Toilette" a da ɗan ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a teburin kwalliya. Ta koma teburin, ta koma kwalliyar, ta koma ɗakin shiri, daga ƙarshe ta ƙare a bayan gida. Ka ga yadi biyu, ɗaya ya kai fadar gwamnati, ɗaya ya tsaya a makewayi.

Yanzu sai teburin kansa, tunda dai a Faransa ma'anar kayan ɗaki ba ta mutu ba. Daga ƙarni na 17 ne kafintocin Faris suka mai da "bureau" wani kaya na musamman, ba kowane tebur ba. Akwai samfurin da ake kira "bureau Mazarin", mai ƙafa takwas, da aljihuna dama da hagu, da gurbin sa gwiwa a tsakiya. An ba shi sunan Kadinal Mazarin, babban waziri a ƙuruciyar Sarki Luwi na 14. Abin dariyar shi ne Mazarin ya mutu a 1661, kafin samfurin ya yaɗu, kuma dillalan kayan tarihi ne na ƙarni na 19 suka liƙa masa sunan. Bayansa aka yi yayin "bureau plat", shimfiɗaɗɗen tebur mai ƙafa huɗu, wanda André-Charles Boulle, kafintan fadar Luwi na 14, yana cikin waɗanda suka fito da shi. A wannan samfuri fata ake mannawa a saman teburin. Wato yadin da ya ba da sunan an kore shi, sunan ya zauna.

Wanda ya fi kowanne suna shi ne "Bureau du Roi", teburin sarki. An yi wa Luwi na 15 ne. Jean-François Oeben ya fara aikin a 1760, ya mutu a 1763 bai gama ba, almajirinsa Jean-Henri Riesener ya ƙarasa a 1769. Shekara tara ana aikin tebur guda! Yana da murfi mai naɗewa da ke saukowa ya rufe takardu, kuma murɗa makulli ɗaya ya isa ya kulle murfin da aljihunan gaba ɗaya. An yi masa wasu 'yan ƙofofi a gefe yadda bara zai ƙara tawada daga waje ba tare da ya ga abin da ke ciki ba. Wannan ya nuna maka abin da teburin ya zama a lokacin: ma'ajiyar sirrin mulki. Yana nan har yanzu a fadar Versailles, masu yawon buɗe ido suna kallo.

Ingilishi ya ari kalmar a ƙarshen ƙarni na 17, kuma can ma ta rabu biyu. A Birtaniya "bureau" teburin rubutu ne mai murfi a karkace, a Amurka kuwa durowar ajiye tufafi ce. Ashe ba mu kaɗai kalmar ta raba ba.

A zamanin Luwi na 15 ɗin ne kuma kalmar ta haifi ɗiyar da ta fi ta suna. Akwai wani jami'in kula da ciniki, Vincent de Gournay, wanda ya rasu a 1759. Mutum ne da ya tsani yawan dokoki da takardun izini da gwamnati take ɗora wa 'yan kasuwa. Shi ne ya ɗauki "bureau" ya liƙa mata ɗafa-ƙeyar Girkanci mai nufin mulki, wadda muke ji a ƙarshen kalmar dimokuraɗiyya, ya ce Faransa ta ƙirƙiro wani sabon salon mulki, "bureaucratie". A Hausance mulkin tebura ke nan, ko mulkin 'yan ofis. Wani marubuci mai suna Grimm ne ya adana mana wannan magana a wata wasiƙa ta 1764. Ba'a ce Gournay ya yi, amma kalmar ta kama, ta shiga harsunan duniya. Mu ba mu are ta ba, sai dai mun san abin sarai. Duk wanda aka taɓa ce masa "je ka ka dawo gobe", ko "Oga ba ya kan kujera", ko "fayil ɗinka bai sauko ba", ya ɗanɗani abin da Gournay yake nufi.

Daga nan kalmar ta bi Faransawa duk inda suka je da bindiga da rijista. A Aljeriya, a 1844, suka kafa abin da suka kira "bureaux arabes", ofisoshin hafsoshin soja masu kula da al'amuran mutanen ƙasa: haraji, shari'a, leƙen asiri. Ƙasar Hausa kuwa sai a ƙarshen ƙarnin suka iso. An kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ta yamma tana ƙone garuruwa, ita ce ta gwabza da Sarauniya a Lugu, kuma a shekarar Faransawa suka shiga Zinder. Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Zinder ta zama hedkwatar yankin daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Iyakar nan ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magarya, ta raba Illela da Ƙonni. Harshe ɗaya, amma daga ranar kowane ɓangare ya samu sabuwar rijiyar da yake ɗibar baƙin kalmomi.

Nan ne wurin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani. A lokacin da Bahaushen Tawa ko Tasawa ya fara jin kalmar "bureau", ba a shagon kafinta ya ji ta ba. Ba wanda ya zo yana tallan teburin rubutu. Ya ji ta ne a bakin tafinta da masinja: kumandan yana kiranka a biro. Can ake rubuta sunan mai gida da yawan iyalinsa da dabbobinsa. Can ake yanka "lanho", wato haraji, kalmar da ita ma daga "l'impôt" ta fito. Can ake ɗaukar mutane aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Can kumandan yake iya ɗaure mutum ba tare da an je gaban alƙali ba. Saboda haka Hausa ta tari kalmar ne a zangonta na uku, zangon ɗaki, ta ɗauke ta da wannan ma'anar. Yadin ulu da teburin sarki duk an baro su a Faransa. Haka aro yake yawanci. Harshe ba ya aron tarihin kalma, ma'anar da ya tarar ana amfani da ita a gabansa ita yake ɗauka.

Daga baya, da boko ya yaɗu, sauran ma'anonin suka biyo sawu. Wanda ya yi lakwal zai iya ce wa teburin mushe biro. A harkar siyasa da ƙungiyoyi za ka ji an ce an kafa sabon biro, ana nufin sabon kwamitin shugabanni. Ranar zaɓe kuma mutumin Zinder yana zuwa biron zaɓe, yayin da ɗan'uwansa na Kano yake zuwa rumfar zaɓe.

Ta fuskar furuci, dubi irin kwaskwarimar da aka yi mata. Wasalin farko na "bureau" babu shi a Hausa. Ana yin sa ne da harshe a wurin "i" amma leɓɓa a zumɓure kamar za a ce "u". Bahaushe dole ya zaɓi ɗaya. Galibi "i" aka zaɓa, shi ya sa "allumette" ta zama "alimeti", ashana ke nan, "député" kuma ta zama "depite". Wasu kuma leɓɓan suka bi, sai ka ji "buro". Duka biyun ana jin su. Sai kuma "r". Ta Faransawan Faris a maƙogwaro take, kusa da "gainun" ta Larabci, amma Bahaushe ya dawo da ita bakin harshe ya kaɗa ta, kamar yadda yake yi wa yawancin kalmomin aro. Na uku shi ne karin sauti. Faransanci yana ɗora nauyi a gaɓar ƙarshe, don haka biron Nijar yana farawa da murya ƙasa sannan ya ɗaga a "ro". Biron Nijeriya kuwa a gaɓar farko nauyin yake, sama sannan ƙasa. Mai kunne zai bambance su a magana. A rubutu ne suke zama tagwaye, tunda ba ma sa alamar karin sauti.

To, biron Nijeriya fa, daga ina?

László Bíró ɗan jarida ne, an haife shi a Budapest a 1899. Ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan take, ba kamar ta alƙalamin zuƙa ba da take ɓata takarda. Matsalar ita ce tawadar tana da kauri, ba ta gangarowa ta bakin alƙalami. Shi da ƙanensa ko wansa, György, wanda masanin haɗa sinadarai ne, suka yi dabarar sa ɗan ƙaramin ƙwallon ƙarfe a bakin, yana juyawa yana ɗebo tawada yana shafa wa takarda. Ya yi rijistar fasahar a 1938. Bayahude ne, kuma dokokin ƙuntata wa Yahudawa suka sa ya bar ƙasarsa, ya ƙare a Ajantina, inda ya sake yin rijista a 1943. Sojan saman Birtaniya sun sayi alƙalamin lokacin yaƙin duniya na biyu, saboda ba ya tsiyaya in jirgi ya yi sama. Daga nan sunan mutumin ya zama sunan kayan a Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka. Bature yana cewa "bairo", kuma a Hausa ana jin "bairo" da "biro" duka biyu. Wani abin sha'awa, a harshen Hangari ma'anar "bíró" ita ce alƙali. Ka ga alƙali ya zama alƙalami.

Bik ɗin 'yan Nijar ma sunan mutum ne. Marcel Bich, mai masana'anta a kusa da Faris, ya sayi haƙƙin fasahar Bíró, ya inganta ta, ya fitar da Bic Cristal a ƙarshen 1950, mai arha, mai jiki garai-garai da ake ganin tawada. Ya cire harafin ƙarshe na sunansa ya bar Bic. Makarantun Faransa ba su yarda yara su yi rubutu da shi a aji ba sai a 1965. Yau in ka shiga kanti a Kano ka ce a ba ka biro, akwai yiwuwar Bic za a miƙo maka. Abu ɗaya ne, wani ya kira shi da sunan wanda ya ƙirƙiro, wani da sunan wanda ya sayar.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Kalmar "bureau" ta shigo Arewacin Nijeriya ita ma, ta ƙofar Ingilishi, amma ba ta samu wurin zama ba. Hukumar da Dokta Rupert East ya jagoranta a Zariya, wadda ta shirya gasar rubutun 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sunanta na Turanci "Literature Bureau". Malaman lokacin ba su ce Biron Talifi ba, suka ce Hukumar Talifi, kamar yadda suka kira wadda ta gabace ta Hukumar Fassara. Haka aka ci gaba har yau: Hukumar Ƙididdiga, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, duk da "bureau" a sunansu na Ingilishi. A kasuwar Wapa ta Kano kuwa allunan suna ɗauke da "Bureau de Change", Faransanci tsantsa, amma kowa 'yan canji yake cewa. Dalili a fili yake. Kafin ta iso, "ofis" ya riga ya zauna, "hukuma" da "ma'aikata" suna nan, daga baya kuma alƙalamin Bíró ya zo ya tare gurbin sautin.

Shi kansa "ofis" ɗin da muke gani kamar ɗan gida, Ingilishi daga tsohon Faransanci ya are shi, shi kuma daga Latin. "Tebur" na Nijeriya da "tabur" na Nijar kakansu ɗaya, "tabula" ta Latin. Saboda haka wanda yake yi wa ɗan Nijar dariya wai yana gurɓata Hausa da Faransanci, ya duba bakinsa tukuna. Ofis, tebur, benci, kabad, durowa, fayil, wanne ne a ciki aka haifa a Daura?

Ra'ayina a nan shi ne, "biro" mai nufin ofis Hausa ce cikakkiya, ba kuskure ba ce da za a gyara wa mai ita. Ta shekara fiye da ɗari a bakin mutane, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta, kuma ta bi ƙa'idar nahawunmu. Namiji ce, shi ya sa ake cewa biron wane, biron nan, biro ya buɗe. Wurin jam'i akan bar ta yadda take a sa adadi, biro uku, ko a ninka ta a ce biro-biro, kamar yadda ake yi wa wasu kalmomin aro irin su joji-joji. Zancen cewa za ta rikita mai karatu kuwa, ai mun saba. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, jam'in fara ne. "Baba" uba ne, kuma shuka ce ta rini. Ba mu kori ko ɗaya ba, jimla ce take raba gardama. Abin da ya kamata masu ƙamus su yi shi ne su jera su biyu, biro na ɗaya da biro na biyu, kowanne da karin sautinsa da asalinsa da inda ake amfani da shi.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu. A watan Maris na 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In har za a riƙa rubuta takardun hukuma da alluna da littattafan makaranta da Hausa a can, to dole wani ya zauna ya yanke shawara: biro za a rubuta a ƙofa, ko ofis, ko ma'aikata? In aka kwaso "ofis" daga Kano don a gudu daga Faransanci, an bar aro ne an koma aro, kuma talakan da aka yi allon dominsa biro ya sani. In aka ce sai kalmar gida, "ma'aikata" tana nan, sai dai ta fi dacewa da babbar hukuma, ba ɗakin mutum ɗaya ba. An taɓa zama a Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idar rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, amma daidaita haruffa ya fi daidaita kalmomi sauƙi, kuma ko haruffan ma har yanzu Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y.

Ga mai rubutu kuwa shawarar mai sauƙi ce. Dubi wanda kake rubuta wa. In labari kake rubutawa kuma tauraronka ɗan Dogon Dutsi ne, bar shi ya tafi biro da bik a aljihu, kada ka cusa masa bakin Kano. In sanarwa ce da kake so a gane ta daga Agadas har Zangon Kumasi, "alƙalami" ya fi biro da bik tafiya nesa, a ɗaya ɓangaren kuma ka ambaci wurin da sunan aikinsa, ko ka ce ofis, tunda rediyo da finafinan Kano sun riga sun kai shi ko'ina. Sannan in kana fassara daga Faransanci ka yi hattara, don "bureau" ɗaya tana iya zama tebur a layi na farko, ofis a na biyu, kwamiti a na uku. Har fuskar kwamfuta, inda ake jera fayiloli, Faransawa "Bureau" suke ce mata.

Kalmarmu ta gaba ita ce "duwan", wadda 'yan Nijar suke kiran kwastan da ita. Ita tafiyarta a juye take. Ta fara ne daga "diwan", kalmar Farisanci da Larabawa suka ɗauka, mai nufin rijistar hukuma. Ta zama ofishin da ake ajiye rijistar, ta zama zauren majalisa, daga nan ta sauka kan doguwar kujerar da ake zama a zauren, wadda Faransawa suke kira "divan". Ita ce kuma "diwani" da malamanmu suke kiran kundin waƙoƙi. Sai mun haɗu.